Kundin gyaran wutar Nissan Leaf ƙirar 2012 a wani gareji a Kano

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

An kawo motar, wadda ke aiki da lantarki zalla, a bayan babbar mota, babu tayar da ke taɓa ƙasa, kuma haka ya dace. Ba a jan Leaf da igiya yadda ake jan motar fetur. Muddin tayoyin gaba na juyawa, moton da ke jansu ya koma janareto ke nan, yana tura wuta cikin inbata, na'urar da ke juya wutar batiri ta ba moto.

Nau'in SL ce, ta kasuwar Amurka, ta yi mil 71,400. Ƙorafin mai ita huɗu ne: wani lokaci a danna maɓalli fitilar READY, mai nuna mota ta tashi, ta ƙi kamawa, in ta kama kuma aka kunna esi sai fitilar gargaɗi ta fito, ta daina karɓar caji sam, kafin ta daina ɗin kuma fitilar kunkuru kan fito, ƙarfin mota ya mutu, alhali ma'aunin caji bai kai ƙasa ba.

Ga tsarin motar, domin komai na gaba a kansa ya rataya. Babban batirinta na ƙarƙashin bodi, kWh 24, modul 48 a jere. Kowane modul ƙwayoyin batiri huɗu ne a ciki, wato sel, an haɗa su bibbiyu, don haka kwamfutar batirin, wato LBC, tagwayen sel 96 take gani. Jimilla kusan bolt 360, in ya cika ya doshi 394. Caja mai kilowat 3.3 tana bayan kujerar baya. Inbata da akwatin da ke rarraba babbar wuta, wanda kwanbatar da ke sauke babbar wuta zuwa bolt 12 ke cikinsa, suna gaba. Daga ƙirar 2013 ne Nissan ta tattara caja da kwanbata wuri guda a kan moto, saboda haka bayanin tsarin da aka yi don 2013 zuwa sama ba ya aiki a kan wannan.

Yau ba a taɓa waya mai ruwan lemo, wato ta babbar wuta, ko ɗaya ba. An fara da ƙaramin batiri: bolt 11.6 a zaune, da aka danna maɓalli ya faɗi zuwa 9.8. Manyan rile da ke haɗa babban batiri da sauran mota da bolt 12 suke rufewa, kwamfutocin ma da ita suke tashi. Ko babban batiri na cike taf, in ƙaramin ya mutu mota ba ta motsi.

Lambobin matsala 26 aka karanto daga kwamfutocin motar. An ɗauki hoton kowace da bayanan lokacin da ta shigo kafin a goge komai. Mai goge lambobi kafin ya rubuta su shaidarsa yake ƙonawa.

Talata, 8 ga Afrilu

An sa sabon batiri mai girman 51R, an kankare kawunan da tsatsa ta ci, an ɗaure wayar da ke zuwa bodi. An goge lambobi, READY ta kama nan take. Duk masu farawa da U, na katsewar magana tsakanin kwamfutoci, ba su dawo ba. Daga tsohon jerin, uku ne muka ware: P0AA6 ta yoyon babbar wuta zuwa bodi, P31E7 ta hana mota tashi, da P33E6 ta bambancin ƙarfi tsakanin sel.

Kwanbata lafiya lau: bolt 14.4 da farko, can ta sauka 13.1. Wannan saukar ɗabi'ar motar ce, ba lalacewa ba, ko da yake ita ce ke sa ƙaramin batirin Leaf ba ya ƙoshi sosai.

To me ya kashe tsohon? An sa mita a jere da wayar bodi, an rufe ƙofofi, an bar motar ta yi barci minti 40. Miliamfiya 210 take sha. Wannan ya kai amfiya-awa 5 a yini, wato a mako guda an kwashe mafi yawan abin da batirin ke riƙewa. Ɓarayin biyu ne: na'urar bin sawun mota da wani rewaya ya dasa a kan waya mai wuta dindindin a ƙarƙashin sitiyari, da wani ɗan filogin bincike mai arha da aka bari a ramin OBD, inda ake cusa na'urar karanta lambobin matsala. Da aka cire su sai ta koma 28. Ƙasa da 50 ake so.

Tun da ƙaramin batiri na cire, an auna layukan CAN, wayoyin da kwamfutocin mota ke magana a kai, a ramin OBD. Tsakanin fil 6 da 14, om 61. Tsakanin 12 da 13, layin da kayan babbar wuta ke magana a kai, om 60. Resista biyu ne masu om 120 a bakin layi biyu, don haka 60 ne daidai. Da 120 aka gani, da layi ya katse a wani wuri.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Aikin yau shi ne a sa P0AA6 ta dawo a gabanmu. Mota a READY minti 20, shiru. An kunna hita, wadda ita ma sananniya ce wajen jawo wannan lamba a wannan ƙirar, minti 10, shiru. An kashe hita an kunna esi. Ba a cika minti biyu ba fitila ta fito. Da aka kashe motar kuma ta ƙi tashi, P31E7 ta biyo baya. Ita wannan ba matsala ba ce mai zaman kanta, ƙulle ne da kwamfutar mota ke sawa bayan ta ga yoyon wuta.

A motar fetur bodi shi ne hanyar dawowar wuta. A babbar wutar Leaf ba haka ba ne. Waya mai ƙari da mai ragi duk a killace suke, babu wadda ta taɓa bodi. LBC na sa ido a kan wannan katanga ko da yaushe. In wuta ta sami hanya guda zuwa bodi, ba lallai a ga tartsatsi ko fiyus ya ƙone ba, shi ya sa mota ke ci gaba da tafiya kamar ba komai. Amma daga nan duk wanda ya taɓa ɗaya wayar yana jingine da mota, shi ne ya cika da'irar. Ƙa'idojin ƙasa da ƙasa sun sa mafi ƙarancin om 100 ga kowane bolt a ɓangaren DC, irin wutar batiri, om 500 a ɓangaren AC, irin wutar moto. A kan bolt 400, babban adadin ya zama kilo-om 200. Kayan da ke da lafiya kuwa mega-om da yawa suke nunawa, ba su ma kusanci wannan iyaka.

Akwai masu goge P0AA6 da P31E7 su ce wa mai mota ya daina kunna esi. Wannan ba gyara ba ne.

Asabar, 12 ga Afrilu

An kashe babbar wuta bi da bi. Mota a kashe, makulli a aljihun mai aikin nesa da ita. An cire wayar ragi ta ƙaramin batiri an naɗe kanta. Safar hannu ta roba aji 0, mai ɗaukar bolt 1,000, an hura ta an murɗe bakinta don a ga ko tana da huda, an ɗora ta fata a kai. Babu zobe, babu agogo. An ɗaga shimfiɗar tsakiya a gaban kujerar baya, an kwance murfi, an zare filogin sabis mai ruwan lemo, wanda ke yanke da'irar babban batiri, an ajiye shi a akwati mai makulli. An jira minti 10 kafasitocin inbata su sauke. Sannan an gwada mita a kan ƙaramin batiri, an auna bakin inbata, sifili, an sake gwada mitar. Mutum biyu ne a wurin ko da yaushe, ɗaya ba ya taɓa komai.

Daga nan aka raba rassa ɗaya bayan ɗaya, ana auna kowanne da mega, mitar gwada yoyon wuta, a kan bolt 500. Ba a hawa 1,000, akwai kayan ciki da ba za su jure ba. A kowane reshe an haɗa waya mai ƙari da mai ragi wuri guda, aka auna tsakaninsu da bodi. Lambar kan fara ƙasa ta riƙa hawa saboda ƙananan kafasitocin tace hayaniya, sai a ba ta minti guda ta tsaya.

Manyan wayoyin da suka taso daga batiri sun wuce mega-om 500. Inbata da moto 310, caja 220, akwatin rarraba wuta 150, hita 45. Kwamfiresar esi, da safe kafin rana ta yi zafi, mega-om 0.18. Da la'asar 0.6.

Abu biyu ke buƙatar bayani a nan. Na farko, in har kwamfiresa na yoyo haka, me ya sa motar ba ta ganinsa sai an kunna esi? Kwamfiresar na da ƙaramar inbata a jikinta. Idan ba ta aiki, naɗin wayar motonta a yanke yake daga babbar wuta, domin dayod ɗin da ke cikin inbatar, masu barin wuta ta bi fuska guda kawai, duk a toshe suke ta wannan fuska. Sai ta fara juyawa naɗin ke haɗuwa da layi. Mega kuwa, da yake an haɗa wayoyin biyu wuri guda, tana samun hanya ta ɗaya daga cikin dayod ɗin ta isa naɗin ko kwamfiresa na kwance. Na biyu, bambancin safe da yamma: cikin dare gas ɗin esi kan koma ruwa ya taru a kwamfiresa ya gauraya da mai, ya jiƙa naɗin. Wanda ya auna da rana tsaka kawai zai iya ganin lamba mai ɗan kyau ya wuce.

Litinin, 14 ga Afrilu

An zuƙe gas da na'ura, an tsiyayo man kwamfiresa a kofin gilashi. Ya yi duhu, ga koren rini irin wanda ake zubawa don neman yoyo. Mai motar ya tabbatar an ƙara mata gas da mai a bakin titi cikin watan Fabrairu, da zafi ya fara.

Asalin ciwon ke nan. Kwamfiresar motar fetur bel ke juya ta, man PAG da ake zuba mata ba ya haɗuwa da wuta. Ta Leaf moto ne a cikinta, naɗinsa na wanka cikin gas da mai. Man POE na kwamfiresar lantarki take sha, irin su ND-11, wanda ba ya bari wuta ta bi ta cikinsa. PAG yana shan danshi, yana kuma ba wuta hanya. Ba sai an zuba kwalba guda ba, ragowar da ta maƙale a tiyon gejin mai gyara ma kan yi ɓarna. Gas ɗin kansa R134a ne, iri ɗaya da na motocin fetur da yawa, wannan ne ke yaudarar masu gyaran esi su ɗauka komai ɗaya ne.

An nemi wata kwamfiresa a kasuwar Ƙofar Ruwa babu, an aika kasuwar Ladipo a Legas. Sharaɗin da aka ba mai sayarwa: kwamfiresar 2011 ko 2012, bakunanta a toshe tun ranar da aka cire ta. Kafin ta iso an mayar da tsohuwar a mazauninta, an cire ƙaramin filoginta na umarni don kada ta tashi, aka juya kan caji.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Wayar cajin da ta zo da motar daga Amurka ta bolt 120 ce, amfiya 12, an rubuta a bayanta. An sa mata adafta an cusa a soket ɗinmu na bolt 230. Da aka buɗe akwatinta, ƙaramar taransifoma da abin kare hawan wuta sun ƙone ƙurmus. Cajar cikin motar ba ta da matsala da 230, akwatin wayar ne bai san ta ba.

Amma da aka kawo sabuwar waya ta bolt 230 mai bakin J1772, irin wanda motar ke karɓa, ita ma ta ƙi, tana nuna jar fitila. Nan aka zauna a kan siririyar wayar sigina.

Yadda suke gaisawa shi ne: akwatin caji na fitar da bolt 12 ta cikin resista mai kilo-om 1. In an cusa baki a mota, dayod da resista mai kilo-om 2.74 da ke cikin cajar motar su ja shi zuwa bolt 9, alamar an haɗu. Sai akwatin ya fara kaɗa siginar sau 1,000 a daƙiƙa tsakanin ƙari 12 da ragi 12. Faɗin kaɗawar ne ke faɗa wa mota yawan wutar da za ta ja: kaso cikin ɗari sau 0.6, wato kaso 26.7 amfiya 16 ke nan, 16.7 kuma amfiya 10. In mota ta shirya sai ta ƙara wata resista, sigina ta sauka bolt 6, akwatin ya saki wuta. Saboda dayod ɗin, ɓangaren ragi dole ya tsaya a 12 cif. Da haka akwatin ke gane mota ce a gabansa, ba ruwa ko yatsan yaro ba.

A osiloskof, na'urar da ke zana sigina a allo, sama 8.8, ƙasa ragi 8.8. An kashe komai an auna tsakanin ramin sigina da ramin ƙasa a hancin motar: kilo-om 2.7 ta kowace fuska. Dayod ya narke ya zama waya. Wannan cuta ce da aka sani a cajar 2011 da 2012, kuma takan daɗe a ɓoye, domin ba kowace wayar caji ce ke binciken dayod ba.

Ba a sauke cajar ba. An yanke wayar sigina a bayan hancin caji, an dasa dayod 1N4007 a jere, gefen da ke da zobe yana kallon caja, an yi solda an rufe da roba mai tsukewa ninki biyu. Sigina ta koma 9 da ragi 12, can ta sauka 6, rile ya buga, fitilun shuɗi na kan dashbod suka fara ƙyaftawa. Kayan gyaran bai kai kuɗin kwalbar lemo ba.

An duba maɓallin bakin wayar ma: om 150 a sake, 480 a danne. Daidai.

Asabar, 19 ga Afrilu

An je gidan da motar ke kwana. Soket mai amfiya 13 ne a garejin, a kan waya mai milimita 2.5 da ta biyo ta ɗakuna biyu, fuskarsa har ta yi baƙi. Cajar nan kusan amfiya 16 take ja, awanni a jere, ba kamar dutsen guga da ke kamawa yana saki ba. Ramin ƙasa na soket ɗin kuma ba a haɗa shi da komai ba.

An ja sabon layi shi kaɗai daga akwatin rarraba wuta: waya milimita 4, bireka amfiya 20, na'urar yanke wuta in ta yi yoyo mai miliamfiya 30, shuɗin soket na masana'anta mai amfiya 16. An kafa sandar ƙasa a inda ruwan wanki ke bi, saboda ƙasar rani a bushe take. Wutar unguwar da dare bolt 196 ta nuna, don haka an saita akwatin a amfiya 10.

Janareton gidan mai kVA 3.5 bai karɓu ba. Wayarsa ta dawowa ba a ɗaure take da ƙasa ba, akwatin caji na ganin babu ƙasa sai ya ƙi. Ko an ɗaure, ƙarfinsa bai kai a haɗa mota da firji da famfon ruwa ba. An bar shi.

Talata, 22 ga Afrilu

Yanzu da mota ke caji, an sami damar duba P33E6, lambar bambancin ƙarfi tsakanin sel. Manhajar LeafSpy ta nuna lafiyar batiri kaso 62 cikin ɗari, amfiya-awa 41 daga kusan 66 na sabo, layi 8 cikin 12 a dashbod. Layin farko kan tafi a wajen kaso 85, sauran kuma duk bayan kaso shida da ɗoriya.

Wannan tsufan ba a gyara shi. Batirin ba shi da ruwan sanyaya ko fanka, ruwan da ke zagaya moto da inbata da caja bai biyo ta kansa ba. Tun 2012 masu Leaf a Phoenix ta jihar Arizona suka yi ta kuka da saurin zubewar layuka, har Nissan ta ba da garantin layi tara na shekara biyar ko mil 60,000, ta kuma sauya haɗin batirin a ƙirar 2015. Zafin Afrilun Kano bai bar na can da nisa ba. Na'urorin auna zafi huɗu da ke cikin batirin sun nuna digiri 39 zuwa 42 tun ba a motsa motar ba.

Abin da ake iya gyarawa shi ne sel guda da ya riga 'yan'uwansa mutuwa. A cike, tazarar mafi sama da mafi ƙasa milibolt 22 ce kacal, tagwai mai lamba 37 na cikin na sama. An fita titin Zariya ba esi, ana kallon allo. A kilomita 49 matsakaicin ya kai bolt 3.75, lamba 37 kuwa 3.43. Da aka taka sai ya nutse zuwa 3.0, kunkuru ya fito. Sauran 95 na da sauran wuta, amma LBC mafi rauni take karewa.

Hoton allo na iya rarrabe cuta uku. Wanda ya rasa ƙarfin riƙo shi ke fara cika, shi ke fara ƙarewa, kamar namu. Mai zubar da wuta a cikinsa a ƙasa yake ko a cike ko a fanko, kuma kullum ƙara nisa yake. In kuwa aka ga ɗaya ya faɗi, maƙwabcinsa ya hau da daidai wannan adadin, to ba sel ba ne, siririyar wayar awo ce ta saki ko ta yi tsatsa. Lamba 36 da 38 ba su motsa ba. Lamba 37 na cikin modul na 19, a tarin modul na bayan batirin.

Asabar, 26 ga Afrilu

Kwamfiresa ta iso ranar Alhamis. Kafin a biya cikon kuɗi an auna ta a kan benci: ta wuce mega-om 200. An tsiyaye man da ta zo da shi an zuba sabon POE daga gwangwanin da aka fasa a take.

An sauya kwandensar esi gaba ɗaya da dirayarta. Hanyoyin cikinta sirara ne a jere, maganin wanki kan bi ta inda ya fi sauƙi ya bar mai a sauran. An sauya bawul ɗin faɗaɗa gas da duk zoben roba. Bututu da ibaforeta an wanke su sau uku an busar da iskar naitirojin. Geji da tiyo sababbi ne, an yi musu fenti an rubuta "lantarki kawai". An zuƙe iska awa guda, an rufe minti 20 allura ba ta motsa ba, sannan aka auna gas a sikeli daidai nauyin da ke rubuce a takardar ƙarƙashin bonet.

Esi ya yi awa biyu yana aiki, iskar bakin bututu digiri 8, P0AA6 ba ta dawo ba. Za a sake auna kwamfiresar da sassafe bayan mako biyu, domin in akwai ragowar PAG a ibaforeta a hankali zai gangaro.

Talata, 29 ga Afrilu

An caja batiri zuwa bolt 4.00 a kowane tagwai, an kashe wuta kamar ranar 12, an ɗaga mota a lif. Batirin ya doshi kilo 300, sai da tebur mai ɗagawa. Jak da bulo ba su da wuri a wannan aikin. Murfin wannan ƙirar noti ne da zoben roba, ba gam ba kamar na baya, don haka ya buɗu ba yanka.

Zare filogin sabis raba batirin kawai yake yi. Tarin baya shi kaɗai modul 24 ne, sama da bolt 180. Sauran 24 na kwance a gaba, sha biyu-sha biyu hagu da dama. An rufe duk inda ba a aiki da tabarmar roba, sifanu duk masu riga.

Filogan LBC aka fara cirewa kafin a kwance sandar jan ƙarfe ko ɗaya. In aka kwance sanda alhali wayoyin awo na haɗe, wutar jerin kan nemi hanya ta cikin LBC ta ƙona ta. Tun da kuma ita ce za a mayar, ba za a sha wahalar P3102 ba, wadda ke fitowa in mota ta ga baƙon batiri.

An auna daga bakin kowane tari zuwa kwanon batiri da mita: lamba ta fito ta riƙa sauka zuwa sifili, alamar babu yoyo. Da ta tsaya cak a wani adadi, da sai a raba shi da ƙarfin modul guda a san na nawa ne ke taɓa kwano. Babu alamar ruwa ko farin gishiri a ciki. Resistar da ke cika kafasitocin inbata a hankali kafin babban rile ya rufe ta nuna om 30, bakunan rile ba su ƙone ba.

Modul ɗin kamar gwangwanin kifin sadin suke, an tsuke su da dogayen kusoshi. An lambata kowanne da alli kafin a sassauta. Na 19 ya kumbura, in an ɗora rula a kansa tana rawa.

Laraba, 30 ga Afrilu

Kowane modul baki uku gare shi: ƙari, ragi, da ƙaramin na tsakiya, don haka ana gwada tagwai biyun daban-daban. An sauke daga bolt 4.10 zuwa 3.30 a kan amfiya 10. Lamba 37 ya ba da amfiya-awa 29, lamba 38 ya ba da 40.

Daga masu haɗa batirin sola aka samo modul uku na wannan ƙirar. Ɗaya 52 da 51, ɗaya 44 da 43, ɗaya 42 da 35. Na ukun ya faɗi. Na farkon ya fi tsada kuma rarar ba za ta amfana ba, tun da jerin a kan 40 zai tsaya. Na tsakiya aka ɗauka. A lura, modul ɗin iri biyu ne, wani bakin ƙarinsa na dama wani na hagu. An dace wannan irin na 19 ne.

Asabar, 3 ga Mayu

An kai tagwai biyun sabon modul bolt 4.00, an bar su kwana guda, tazararsu da maƙwabta milibolt 4. Ba a barin wannan aikin ga LBC: kusan miliamfiya 10 take iya zubarwa, gyaran amfiya-awa guda sai ya ci awa 100.

An tsuke tari, an ɗaure sanduna da sifanar awo daidai ƙarfin da littafin kamfani ya faɗa, an ɗiga fenti a kan kowane noti da aka gama. Bakunan modul ba sa son ƙarfi, noti mai sako-sako kuma zafi yake yi a ƙarƙashin amfiya 200. Kafin a mayar da LBC an bi ramukan filoganta da mita, kowane mataki bolt 4, babu tsallake babu juyi. An rufe, an toshe kafofi, an hura iska ƙasa da kilofaskal 2, an bi gefen da ruwan sabulu. Babu kumfa. Damina na tafe, kuma batirin ne mafi kusa da ruwan titi.

Asabar, 10 ga Mayu

Caji huɗu a cikin makon. Gwajin yau a titin Zariya da esi a kunne: gargaɗin farko na ƙarancin caji a kilomita 58, na biyu a 69, kunkuru bai fito ba. Tazarar sel a ƙasa milibolt 74, mafi rauni yanzu lamba 12 ne, sai 41 na bin sa. Kwamfiresa da sassafe mega-om 160. Shan wuta a barci miliamfiya 27. Babu lambar matsala.

An saita agogon caji ya tsaya a kaso 80, ya kuma fara bayan ƙarfe ɗaya na dare lokacin da batiri ya huce. An liƙa takarda kusa da bakunan gas da Hausa da Turanci cewa man POE kawai ake zubawa. Na'urar bin sawu an mayar da ita kan layin da ke mutuwa in an kashe mota, da fiyus nata.

Saura: famfo ɗaya daga cikin biyun da ke zagaya ruwan inbata yana ƙara in ya yi zafi, an yi odarsa. Lamba 12 da 41 za a sake ɗaukar hotonsu a ƙarshen Yuni a gwada da na yau.